Sitika a kan takarda: yadda za a ƙawata littafin hotunan gida ba tare da ɓarna ba

Yau magana ce a kan hotunanmu. Kusan kowane gida akwai su: na aure, na suna, na tsoho da rawaninsa da aka ɗauka a sitidiyo tun muna ƙanana. Wasu na cikin ambulan a ƙasan akwati, wasu kuma na cikin salula. Ranar da salular ta faɗa rijiya ko aka sace ta a kasuwa, shi ke nan, an yi hasara. Shi ya sa muke kira a wanke masu muhimmanci, a tara su cikin littafi guda, a rubuta sunan kowa da shekara. A Amurka da Turai wannan abu har sha'awa ce ta musamman, suna ƙawata shafukan da zane da fenti. Mu ma za mu iya, da kayan da ke kusa da mu.

Mece ce sitikar zane?

Mata sun riga sun san ta. Ita ce ledar nan mai laushi da aka huda zanen fure ko ganye a jikinta, bayanta da gam, ana liƙa ta a hannu ko ƙafa, a shafa lalle, a ɓare, zane ya fito tsaf. Masu fentin allunan shaguna su ma da irin dabarar suke buga harufa da lambobi. Da Faransanci suna ce mata foshuwar. Abin da ake yi a fata ko a allo, shi za a yi a takarda: a liƙa, a sa launi cikin hudar, a cire.

Amfanin gam ɗin guda ne. In ledar ba ta da gam, hannu na motsawa, fenti kuma na kutsawa ta ƙarƙashin bakin hudar, zanen ya fito da gemu. Mai gam kuwa tana kama takarda ta rufe hanya, har wanda bai iya zana ko da'ira ba ya fitar da aiki mai tsabta. Amma fa gam ɗin da ke taimako shi ne kuma ke ɓarna, don takarda ba fata ba ce.

Mu kanmu mun ɗanɗana. Da muka fara gwaji a nan gidan rediyo, mun liƙa sitikar lalle sabuwa fil a gefen wani tsohon hoto, bakinta ya ɗan hau kansa. Muna ɓarewa ta taho da fuskar hoton, rabin hular mutumin ta tafi, sai fari. Hoton kuma guda ɗaya ne. Ba mu son haka ta samu kowa, don haka ku biyo mu a hankali.

Kayan aiki

Farko takarda. Farar takardar da ake buga takardu da ita a inji, mai nauyin giram 80, da ta kaye na ƴan makaranta, duk sun yi siranta. Suna jiƙewa su yi ƙundumi, kuma gam na yaga su. A nemi mai kauri irin wadda ake katin gayyata da ita, wadda masu shagon littattafai ke kira biristol. A guji takardar jarida, don da kanta take yin ja ta rube, ta kuma ɓata abin da ke jikinta.

Sai launi: fentin ruwa na ƴan makaranta, wato guwash, ko tawadar hatimi. Sai guntun soson katifa, da faranti, da tsumma, da fensir. Fentin fesawa na masu mota ba na wannan aiki ba ne, ya yi ƙarfi, warinsa kuma na cutarwa a cikin ɗaki.

Ita kuma sitikar, hanya uku ce. Akwai ta lalle a wurin masu kayan kwalliya. Akwai wadda aka yi musamman don takarda, gam ɗinta marar ƙarfi, ana liƙawa a cire sau da yawa. Ƴan uwa da ke ƙetare, in kun ga irinta ku saka a tsaraba, ba ta da nauyi. Ta uku, mutum ya yanka tasa: a roƙi ragowar ledar otokolan a wurin masu buga allunan talla, a zana a kai, a huda da sabuwar reza bisa katako ko gilashi. Yankan nan aikin manya ne, kada a bar wa yara reza.

Yadda ake yi

Na ɗaya, a rage wa gam ƙarfi. A liƙa sitikar a jikin zane ko riga mai tsabta, a ɓare, sau biyu ko uku. Zaren tufa na rage mata kamu. Wannan dole ne ga ta lalle da ta otokolan. Sannan a gwada a kan guntun takarda irin wadda za a yi aikin da ita. In ta taho da gashin takarda, a ƙara liƙa ta a tufa.

Na biyu, a aza ta inda ake so, a bi bakin hudar da yatsa a danna, musamman wuraren da suka yi siriri.

Na uku, a nan mutane suka fi kuskure: fenti kaɗan. A dangwala soso, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan a dinga dangwalawa bisa hudar, sama da ƙasa, kamar mai buga hatimi. Kada a shafa kamar ana shafa mai, don shafawa ke tura fenti ƙarƙashin leda. In launin bai ciza ba, a bari ya sha iska a sake bi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, a cire tun fentin bai bushe ƙarau ba. A kama kusurwa guda, a kwantar da ita baya ana ja a hankali, ɗaya hannun na danne da takarda. Fizga ita ke yaga.

Na biyar, hoto shi ne ƙarshen shiga. Sai an gama ado, shafi ya bushe sarai. Kada sitika ko gam ko sikoci su taɓa fuskar hoto. Sikoci bayan ƴan shekaru yana yin ja, ya bar tabon da ba ya fita. Dabara mafi kyau, a tsaga ƴan layuka huɗu a karkace a jikin shafin, a cusa kusurwoyin hoton. Duk ranar da ake so a cire a sake wanke wani, sai a zare shi lafiya lau.

Rubutu da zanen gida

Sitikar harufan da ake sayarwa ba ta da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. A buga k, d, b ko y, in ya bushe a ƙara lanƙwasar da alƙalami mai launi ɗaya, don kada Ɗanladi ya koma Danladi. Wanda zai yanka harufansa kuma ya tuna ya bar ƴar gada a cikin O, A, D da B, in ba haka ba cikinsu zai faɗo ya bar rami.

Kuma ba sai furen Indiya ba. Muna da dagi, wanda ke jikin bangon tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Muna da kuros ɗin Agadas da na Tahoua, da zanen da ake ƙonawa a jikin ƙwarya, da na bakin tabarma. Masu kusurwa da miƙaƙƙen layi sun fi sauƙin yanka. Da su ya kamata a fara. Dagi sai hannu ya faɗa, don yana son gada da yawa.

Ajiya a yanayinmu

Zafin watan Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, yana narkar da gam ya bar danƙo a takarda, don haka a yi aikin da safe a inuwa. Ƙurar hunturu kuma na kashe kamun. Da an gama, a goge fentin da tsumma mai ɗan ruwa, a bari ta bushe, a maida ta bisa takardarta mai santsi, a sa cikin ambulan. Shi kuma littafin, a naɗe shi da zane a sa a akwatin ƙarfe, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da laimar damina.

Wanda hannunsa ya saba zai iya yin katin suna da na aure, ko ya ƙawata bangon kaye in an koma makaranta a watan Oktoba, ya samu ɗan na sabulu.

Amma kada ado ya shagaltar da mu. Ƙarƙashin kowane hoto a rubuta: wane ne, ɗan wane, wane gari, wace shekara. In za a rubuta a bayan hoton ne, a yi da fensir a hankali, don bik na huda kuma tawadarsa na fitowa ta gaba. Wanda ba a gane ba, a kai wa tsofaffi tun suna tare da mu, su ne suka san fuskokin. Ƴan uwa na Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara da sauran wurare, ku turo naku ta WhatsApp a wanke a saka, don yaran da kuka bari su san ku suna cikin littafin gida.

Wanda ya gwada, ya turo mana hoton shafinsa, ko ya kira mu lokacin shirin ya faɗa mana inda ya samu cikas. Sai mun ji daga gare ku. Mu kwana lafiya.