Yadda ake shirya tsohuwar mota kafin ratsa hamada

Tsofaffin motoci ƙirar Toyota Land Cruiser na cikin waɗanda ake ratsa hamadar Tenere da su daga Agadez zuwa Bilma, a Jamhuriyar Nijar, inda babu gareji a galibin hanyar.

Saboda haka, kafin tashi bakanike kan duba lagireto da fanbel, don kada inji ya yi zafi. Yakan kuma sauya baƙin mai da matatar iska, wadda ƙura ke toshewa.

Idan an shiga rairayi, ana rage iskar tayoyi domin kada mota ta kafe.

Guzurin ruwa kuwa wajibi ne. A shekarar 2013, ƙishirwa ta hallaka mutane 92 a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace.