Kamaru: Me ake samu, me ake rasawa idan filin kiwo ya koma gonar katako?

A tsaunukan yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, daga Santa da Sabga har zuwa Kumbo, Ndu da Nkambe, tuddai da dama da aka sani da ciyawa zalla yanzu layukan bishiyar turare ne suka rufe su. Bishiyar, wadda ake kira eucalyptus da Faransanci, asalinta daga Ostireliya ne, kuma ta shigo yankin a zamanin mulkin mallaka. Haka abin yake a tsallaken iyaka, a tudun Mambila da ke jihar Taraba ta Najeriya.

Batun ya shafi Fulani Mbororo da ke kiwo a waɗannan tuddai tun zuwan Arɗo Sabga a farkon ƙarni na 20. Ya kuma shafi Hausawan Bamenda da sauran garuruwan yankin, waɗanda da yawansu dillalan shanu ne ko mahauta, wasu kuma suna da jarin da za su iya zubawa a harkar katako. Lissafin dashen bishiya a filin kiwo ya wuce kuɗin iri da na leburori, kuma yawancin asarar ba a aljihun mai dashen take faɗawa ba.

Me ya sa ake dasa ta?

Bishiyar turare tana saurin girma, tana miƙewa sambal, kuma kasuwarta ba ta mutuwa. Ƙananan sanduna na tafiya wurin magina, manya su zama turakun wutar lantarki, waɗanda ake jiƙa su da magani a Bafoussam, gungume kuma a tsaga shi katako. Rassa da ragowa su zama itacen girki ko gawayi. Idan aka sare ta, kututturen kan sake tofowa, har a yi sara biyu ko uku ba tare da sabon dashe ba. Ba ta buƙatar makiyayi kullum, ba a kuma kora ta cikin dare kamar garken shanu. Wannan ya ƙara mata farin jini a yankin da rikici ya addaba tun 2016, inda satar shanu ta yi ƙamari.

Kuɗin da ake gani

Yawan bishiya a hekta ɗaya ya danganta da tazara. Idan an bar mita 3 tsakanin bishiya da bishiya ta kowane ɓangare, hekta na ɗaukar kusan 1,100. Idan mita 2 ce, adadin ya kai 2,500. Kowace ɗaya sai an saye ta daga wurin renon dashe, an yi dakonta zuwa kan tudu, an haƙa mata rami. Wasu za su mutu a shekarar farko, a sake maye gurbinsu. Sai noman ciyawa a damina biyu na farko, maganin gara inda take, da share hanyar tare gobara a duk farkon rani.

A filin kiwo akwai ƙarin kuɗin da manomin gona bai cika biya ba: shinge. Shanu na tattake ƙaramin dashe suna karya shi, don haka sai an tsare wurin shekara biyu zuwa uku. Sau da yawa wayar shinge, turakunta da ladan mai gadi kan fi kuɗin dashen kansa.

Sannan ga jira. Sandar gini kan ɗauki kimanin shekara huɗu zuwa shida, turken lantarki wajen shekara goma, katako mai kauri kuwa shekara goma sha biyar ko fiye. A ɗauki misali: wanda ya kashe sefa 500,000 a yau, da ya juya kuɗin a kasuwancin da ke kawo ribar kashi 10 cikin 100 duk shekara, bayan shekara 10 zai sami kusan sefa miliyan 1 da dubu 300. Sai cinikin itacen ya haura wannan, bayan an cire kuɗin sara, dako da takardun ma'aikatan gandun daji, sannan za a ce an ci riba. Gonar da ke nesa da hanyar mota kuma dako ne ke cinye mafi yawan ribarta.

Kuɗin da ba ya shiga littafi

Na farko ciyawa ce. Idan dashe ya yi kauri, inuwa da busasshen ganyen da ke zuba ƙasa kan hana ciyawa fitowa bayan 'yan shekaru. Shanun da aka kora daga wurin ba ɓacewa suke yi ba: suna cunkushewa a sauran filin, ko su gangara kwari inda mata ke noman masara da wake. Daga nan rigimar manoma da makiyaya ke tashi. Nonon da matan Mbororo ke sayarwa kullum yana raguwa, alhali kuɗin katako sau ɗaya yake zuwa, a hannun mutum ɗaya.

Na biyu ruwa ne. Bishiya mai dogon saiwa da ba ta zubar da ganye da rani ta fi ciyawa shan ruwa. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Science ta wallafa a 2005, wanda ya tattara alƙaluma daga sassan duniya, ya gano cewa dasa itatuwa a filayen ciyawa da na ƙananan tsirrai ya rage ruwan rafuka da kusan kashi 52 cikin 100, kuma kashi 13 cikin 100 na rafukan sun ƙafe ƙaf na tsawon aƙalla shekara guda. A Afirka ta Kudu, dokar ruwa ta 1998 ta sanya gonar katako cikin ayyukan da ke rage ruwan rafi, sai da lasisi ake yin ta. A Kamaru ma an ga hakan: tun farkon shekarun 2000, ƙungiyar SHUMAS ta gudanar da aikin sare bishiyar turare daga mafarin ruwa da gonaki a yankunan Bui da Donga-Mantung, tana maye gurbinta da wasu itatuwa.

Na uku, komawa baya na da wuya. Sake tofowar da ke faranta wa mai katako rai ita ce ke wahalar da wanda ke son mayar da wurin filin kiwo, domin sai an tone kututture ɗaya bayan ɗaya.

Bishiya a matsayin shaidar mallaka

A Kamaru, dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974 ta mayar da duk filin da ba shi da takardar mallaka ƙasar al'umma da ke hannun gwamnati. Dokar ta ambaci wuraren kiwo cikin filayen da ake amfani da su, amma da sharaɗin a ga alamar zaman mutum da raya wurin. Layin bishiyoyi alama ce da kowane jami'i zai gani da idonsa. Kiwon shekara hamsin kuwa ba ya barin abin nunawa sai turbar shanu. Shi ya sa wasu ke dasa bishiya don kafa hujja kan fili tun kafin su yi tunanin katako, makiyaya kuma ke ɗaukar sabon dashe a matsayin sanarwar kora.

Wata dokar ta 1978 ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya ƙarƙashin sufurefe, wanda ke da alhakin raba wuraren noma da na kiwo. Dashen da aka yi a wurin da kwamitin ya ware wa kiwo na iya ƙarewa a gaban hukuma. Yana iya ƙarewa da gobara ma, tunda ƙona tsohuwar ciyawa da rani al'ada ce a tuddan, kuma ganyen turare mai mai ne, yana kamawa nan take.

Waɗanne zaɓuɓɓuka ake da su?

Rufe fili gaba ɗaya da dashe mai kauri ya fi ba da itace, kuma shi ne ya fi jawo asarar ciyawa da ruwa. Ya fi dacewa da gangare mai tsakuwa ko wurin da zaizaya ta riga ta cinye, nesa da mashaya.

Hanya ta biyu ita ce dasa layi a kan iyaka kawai, kamar shingen rayayyun itatuwa da aka san ƙasar Bamileke da shi. Itacen ya fi kaɗan, amma tsakiyar filin na nan ga shanu.

Ta uku ita ce layuka masu faɗin tazara, a bar fili mai yawa tsakaninsu yadda rana za ta kai ƙasa, a dawo da shanu idan bishiyoyin sun yi ƙarfi. Ana iya yin hakan kashi-kashi, a tsare yanki ɗaya a bana, wani bayan shekara uku, don kada garke ya rasa wurin kiwo lokaci guda.

Ta huɗu ita ce a bar filin a matsayinsa, a zuba kuɗin wajen inganta shi da ciyawa irin brachiaria, wadda wasu makiyayan yankin suka riga suka fara shukawa. Ita ma alama ce ta raya fili, kuma amfaninta na zuwa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Kowace aka zaɓa, abubuwa uku ne ya kamata a warware kafin a haƙa ramin farko: matsayin filin a wurin sarki, arɗo da kwamitin sufurefe, inda burtali da mashaya suke, don kada a toshe su, da rubutacciyar yarjejeniya kan wanda zai biya idan shanu sun yi ɓarna ko wuta ta tashi. Wanda ya tsallake su zai iya biyan kuɗinsu daga baya, lokacin da bishiyoyin suka kai sara kuma maƙwabta suka daina gaisawa.