Rumfar Raino da Maganin Dodon Koɗi

Masu lambu a sansani, idan za mu kafa rumfar rainon tumatir ko barkono, mu zaɓi zana ko karan dawa. Leda tana tara zafi, ta dafa shuka da tsakar rana. Mu bar gefe a buɗe don iska. Gidan sauro na kwanan yara ne, kada mu kai shi lambu.

Da damina, dodon koɗi kan fito da dare ya cinye tsiro. Laima yake bi, don haka mu yi ban ruwa da safe. Da yamma mu shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu kusa da fangali, za su taru ƙarƙashinsa. Da asuba mu tsince su, mu wanke hannu da sabulu. Kada mu zuba guba inda yara da kaji ke yawo.