Doka Ta Sauya a China, Amma Wa Zai Koma Gida Lafiya?

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta haramta mayar da mutum inda ake fargabar za a gallaza masa. Sai dai mafaka ba gado ba ce. Ƙasar da ta karɓe ka tana iya sake duba takardunka, ta ce abin da ya koro ka ya wuce, ka tattara naka ya naka ka koma. A nan ne iyalai da dama 'yan China suka shiga tsaka mai wuya.

Daga 1980 zuwa 2015 China ta yi aiki da dokar ɗa ɗaya. Wanda ya ƙara haihuwa ba da izini ba sai a ɗora masa tara mai karya ƙugu, wasu matan ma aka zubar musu da ciki dole. Yaron kuwa akan hana shi rajistar gida, wato hukou, wadda in babu ita makaranta da asibitin gwamnati sai dai ya hango daga nesa. Ƙidayar 2010 ta gano mutum kusan miliyan 13 marasa rajistar. Shi ya sa Amurka a 1996 ta sa tilasta zubar da ciki cikin dalilan ba da mafaka, Kotun Ƙolin Ostireliya kuma a 2000 ta ce irin waɗannan yara na iya cancantar kariya.

Daga baya China ta sassauta: 'ya'ya biyu a 2016, uku a 2021, aka kuma soke tarar. Masu sake nazarin takardun mafaka suka samu abin kafa hujja, kuma gaskiya ga wasu iyalan hujjar ta tsaya.

Amma sassaucin bai game kowa ba. A daidai lokacin, haihuwa ta faɗi ƙasa warwas a yankunan Musulmin Uighur na Xinjiang, har ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 akwai alamu masu ƙarfi na tilasta hana haihuwa. Duk da haka Thailand, wadda ba ta ma sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, ta mayar da Uighur 40 China a Fabrairun 2025, bayan sun shafe sama da shekara goma a tsare.

Duk hukumar da za ta ce wa iyali su koma, wajibi ne ta tambayi ƙabilarsu, addininsu da lardin da za su sauka kafin ta buga hatimi. Karanta sabuwar dokar Beijing kaɗai bai wadatar ba.