Gomorra: Wasan Kwaikwayon Da Ya Raba Kan Mutanen Napoli

A shekarar 2016, ɗan wasa Fabio De Caro ya sha zagi da barazana a Facebook, har wasu na yi masa fatan mutuwa. Laifinsa shi ne ya fito a matsayin Malammore, wani yaron uban daba da ya harbe ƙaramar yarinya a ƙarshen zango na biyu na Gomorra. Yarinyar da ta taka rawar tana nan lafiya lau, amma masu kallo sun kasa raba mutumin da rigar da ya sa a fim.

Gomorra wasan kwaikwayo ne mai dogon zango da tashar Sky ta Italiya ta fara haskawa a watan Mayun 2014, ya ƙare a Disambar 2021 bayan zango biyar da kashi 58. Tushensa littafin da ɗan jarida Roberto Saviano ya wallafa a 2006 a kan Camorra, gungun iyalan miyagu da ke riƙe da cinikin ƙwaya da karɓar kuɗin dole a birnin Napoli da kewaye. Tun shekarar da littafin ya fito Saviano yake yawo da rakiyar 'yan sanda, domin waɗanda ya tona wa asiri sun sha alwashin ganin bayansa. Labarin wasan ya ta'allaƙa ne a kan gidan Savastano: uba Pietro, matarsa Imma, ɗansu Genny, da yaron gidan Ciro Di Marzio, wanda ya ci amanar duk wanda ya yarda da shi. Da karin harshen Napoli tsantsa aka yi shi, har Italiyawan wasu yankuna sai sun karanta fassara a ƙasan allo kafin su gane. Duk da haka an sayar da shi ga ƙasashe sama da 190.

A waje an yi ta yabo. A gida kuwa ƙura ta tashi tun kafin a kunna kyamara.

A 2013, shugaban ƙaramar hukumar da unguwar Scampia take ciki, Angelo Pisani, ya ƙi amincewa a ɗauki wasan a unguwar. Scampia ita ce inda Vele suke, wato dogayen gidajen gwamnati masu siffar tantanin jirgin ruwa da aka gina tsakanin 1962 da 1975, waɗanda daga baya suka lalace suka zama kasuwar ƙwaya. Kukan mazauna wurin a fili yake. Mafi yawansu ba su taɓa riƙe bindiga ba: masu share titi ne, da teloli, da iyaye masu kai yara makaranta. Amma duk wanda ya kalli Gomorra, da ya ji sunan Scampia sai ya hango gawa a bakin matakala. Matashin da zai rubuta sunan unguwar a takardar neman aiki shi ke biyan wannan bashin. Masu shirya wasan kuma da gangan suka cire mutanen kirki daga labarin. Da ƙyar ake ganin ɗan sanda ko alƙali ko malamin makaranta, domin sun so mai kallo ya zauna cikin duniyar miyagun ba tare da mafaka ba.

Kuka na biyu daga manya ya fito. Magajin garin Napoli na wancan lokacin, Luigi de Magistris, wanda tsohon mai gabatar da ƙara ne, ya sha cewa wasan yana lalata tarbiyyar yara. Shi ma Federico Cafiero De Raho, shugaban masu gabatar da ƙara kan miyagun ƙungiyoyi na ƙasar a lokacin, ya nuna damuwa cewa ana nuna 'yan Camorra kamar mutane irin kowa. Abin da suke gani a titi shi ya tayar musu da hankali. Samari sun riƙa yin askin Genny, a kwashe gefe da gefe a bar zanko a tsakiya, suna kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa. A daidai shekarun nan ne kuma abin da ake kira stesa ya yawaita: yara a kan babura su shigo unguwa suna harbi sama da ƙasa, kowa ya kwanta a ƙasa, don kawai su nuna wa ke da iko. A Satumbar 2015 irin wannan harbin ya kashe wani yaro ɗan shekara 17 a unguwar Sanità, wanda ba ruwansa da kowace daba.

Amsar Saviano da 'yan wasan ita ce, jinin ya riga wasan zuba. Kuma tarihi yana bayansu. Shekara goma kafin a haska kashin farko, a tsakanin 2004 da 2005, gidan Di Lauro na Camorra da waɗanda suka ɓalle daga cikinsa sun yi yaƙin da ya ci rayuka gommai a unguwannin Scampia da Secondigliano. A cikinsa aka azabtar da wata budurwa, Gelsomina Verde, aka kashe ta aka ƙona gawarta a mota, don kawai ta taɓa soyayya da wani da ake nema. Kashi na tara na zangon farko sunanta aka sa masa. Hatta katafaren gidan da aka nuna a matsayin na Savastano, mai kujeru ruwan zinari, na wani uban Camorra ne na gaske a garin Torre Annunziata. Wanda ya kalli wasan har ƙarshe kuma ya san babu wanda ya ci riba a cikinsa: ɗa ya sa an kashe ubansa, miji ya shaƙe matarsa, masu kuɗin suna ɓuya a ramuka kamar ɓeraye.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shan ƙwaya da ƙwacen waya, bisa wannan dalilin na gudun kada yara su koya.

Sai dai idan aka auna koke-koken biyu, na mazauna unguwar ya fi nauyi. Yaron da ya bar makaranta, ubansa na kurkuku, ba shi da sana'a, ba Genny ne ya ba shi bindiga ba, kuma hana wasa ba zai karɓe ta daga hannunsa ba. Amma mutanen Scampia suna da gaskiya da suka ce rabin labarinsu aka bayar. A unguwar ne Gianni Maddaloni yake da ɗakin koyar da judo da ya janye yara da dama daga titi, kuma ɗansa Pino ya ci zinari a gasar Olamfik ta Sydney a 2000. A 2020 aka rushe ɗaya daga cikin Vele, sannan a Oktobar 2022 Jami'ar Federico II ta buɗe reshen koyar da ma'aikatan lafiya a daidai filin da wani daga cikin gidajen ya taɓa tsayawa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai samu shiga kashi 58 ɗin ba.