Me Ya Sa Kai Ke Ɗaukar Zafi Idan Jarrabawa Ta Ƙarato?

Shin ka taɓa zama da littafi a gabanka, ka karanta layi ɗaya sau biyar, amma ko kalma ɗaya ta ƙi zama? Ga ƙeya ta ɗaure, ido na ganin dishi-dishi, tsakiyar kai kuma kamar an ɗora garwashi. Wani ma zai ce maka ji yake kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatar kansa. Da ya rufe littafin ya fita majalisa sai abin ya lafa, da ya dawo ya buɗe sai ya dawo sabo fil.

Na ga wannan a gidanmu a Ringim, a jikin wani ƙanina, shekarar da zai rubuta JAMB karo na biyu. Tsakiyar bazara ce, ga zafi ga rashin wuta, yana karatu da hasken waya har a kira assalatu. Da ciwon kai ya matsa masa aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, shiru. Aka koma kan taifod, shiru. Sai gwaggonmu ta ce ai baki ne ya kama yaro, tunda kowa ya san shi ne mai ƙoƙarin gidan. Babu wanda ya tambaye shi awa nawa yake barci, har da ni da nake taƙama da karatun kimiyya.

Ashe likitoci sun daɗe da sanin abin. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayanin ɗaliban Najeriya da ke zuwa masa da waɗannan alamomi: zafi ko nauyi a kai da wuya, raunin gani, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Ya kira shi da sunan da ɗaliban ke kiran sa da Turanci, wanda ma'anarsa ita ce gajiyar ƙwaƙwalwa. Prince ya alaƙanta abin da wahalar karatu cikin baƙon harshe da baƙon tsari. Ba zan yar da wannan ba, don yaron da ke tunani da Hausa yana amsa tambayar fiziks da Turanci aiki biyu yake yi.

Amma bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na Olufemi Morakinyo, likitan ƙwaƙwalwa a Ile-Ife, a 1980. Ya lura cewa ɗalibin da tsoron faɗuwa ya kama yakan rage barci, ya nemi kofi ko ƙwaya don ya raba dare. Rashin barcin ya hana karatun shiga, sai tsoron ya ƙaru, sai ya sake yanke barcin. Haka zai yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. A yau likitoci da yawa na kallon abin a matsayin fargaba ko ciwon damuwa da ke bayyana ta jiki.

To me ke faruwa a cikin jikin? Idan ƙwaƙwalwarka ta hango haɗari, wani ɗan sashe da ake kira amigdala ne ke buga kuge. Nan take wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙodarka su saki sinadarin adirenalin, kotisol ya biyo baya. Zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, narkar da abinci ta ja baya. Wannan tsari rahama ne ranar da ka ci karo da kububuwa a hanyar gona: minti kaɗan ka tsira, jiki ya koma daidai. Matsalar ita ce amigdala ba ta bambance maciji da ranar jarrabawa, ita kuwa jarrabawa wata uku tana tafe. Tsokar wuya da ta ƙeya da ta daɗe a ɗaure ita ke kawo ciwon kan nan mai kama da an naɗa maka rawani an tamke.

Sannan sashen da ke bayan goshinka, wanda ke riƙe lambobi yayin da kake lissafi, yana rauni idan fargaba ta yi yawa. Shi ya sa kanka ke ɗaukewa a zauren jarrabawa, kana fitowa ƙofa amsar ta faɗo maka. Ba daƙiƙanci ba ne.

Barci kuma ba hutu kaɗai ba ne. Abin da ka karanta da rana wani sashe mai suna hifokampas ne ke riƙe shi na wucin gadi, sai cikin barci ƙwaƙwalwa ke bitar sa ta adana. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da Nescafé da lemon ƙarin kuzari ba ya cire gajiya, toshe saƙonta kawai yake yi. Kuma jiki kan ɗauki kamar awa biyar kafin ya rage rabinsa: wanda ka sha ƙarfe goma na dare, rabinsa na nan ƙarfe uku. Batun taramol kuwa ba ma na tsayawa jayayya ba ne, ka nisance shi.

Kada ka ji kamar ina cewa tsoron ba shi da tushe. Maki 400 ne a JAMB, a zama ɗaya na awa biyu a gaban kwamfutar da wani bai saba da ita ba. Ga kiredit biyar na WAEC ko NECO, dole da Turanci da lissafi. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da ta jiha a Kafin Hausa a 2013 ya kawo jami'a kusa da gida, amma guraben likitanci da lauya ba su wadaci masu nema ba. Wani an sayar da buhun gero aka biya masa kuɗin rajista. Wata kuma an riga an gaya mata cewa idan ba ta ci ba bana, zancen karatu ya ƙare. Nauyi ne na gaske.

Abin da ya ba ni dariya da na shiga binciken dabarun koyo shi ne, na tarar mafi ingancinsu tuni muka yi su a makarantar allo. Mai hadda ba ya haɗiye izu guda a dare ɗaya. Kaɗan yake ɗauka, ya kifa allo ya kawo da ka, gobe ya yi tilawar na jiya kafin a ƙara masa. Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna tun 1885 cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka cusa lokaci guda. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka gano cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka gwada tuno abin da ke ciki sun fi masu maimaita karantawa tunawa bayan mako guda. Don haka ka karanta shafi biyu, ka rufe, ka rubuta abin da ka riƙe, ka duba inda ka yi tuntuɓe. Ka mayar da karatu mai nauyi bayan asuba, lokacin da gari ke da sanyi. Idan ƙirji ya fara dukan uku-uku, ja numfashi ta hanci ka sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Hakan na rage gudun zuciya.

Akwai fa inda dabara ba ta isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Idan ka kai mako biyu cikin ƙunci, abin da ke faranta maka a da ya daina, abinci ko barci ya rikice, to ka je asibiti. Idan kuma tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, kada ka kwana da shi: ka gaya wa wani babba da ka yarda da shi a ranar, ku tafi tare. Za ka iya farawa daga Babban Asibitin Ringim, inda za a duba ko zazzaɓi ne, ƙarancin jini ko matsalar ido. In da buƙata a tura ka Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne, ka haɗa duka.

Shi dai ƙanin nawa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwarmu ce ta yi masa tambayar da muka kasa yi. Ya ce awa uku, wani lokacin huɗu. Daga ranar Inna ta riƙa karɓe wayar ƙarfe goma na dare, ta sa a ƙarƙashin matashinta, sai bayan sallar asuba ta miƙa masa. Sun sha rigima a kan haka. Zafin kan ya ɗauki kusan mako biyu kafin ya sake shi.