Kulocin Tsohuwar Tarakta: Ciwonsa da Gyaransa

Galibin tsofaffin taraktocin da ake gani a ƙasar Roni da Kazaure ragowar wani zamani ne, watau lokacin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na 1980, sa'ad da yankin yake cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. A wancan lokaci ana harhaɗa Steyr a Bauci, Fiat kuma a Kano, ga kuma Massey Ferguson da ake shigowa da ita. Injinsu yana da ƙarko ƙwarai. Abin da ya fi kwantar da su shi ne kuloci, kuma ya fi yin haka a farkon damina, lokacin da jinkirin mako guda kan sa manomi ya rasa shukar fari.

Kalmar kuloci aro ce daga Turanci. Hausa ba ta jure baƙi biyu a farkon kalma, sai ta cusa wasali a tsakaninsu. Aikinsa kuwa shi ne haɗa inji da giya ko raba su. Faifai ne mai shimfiɗa kamar ta birki, sifirin yana matse shi a jikin babban faifan inji. In direba ya taka feda, wani boris ya danna 'yan yatsun ƙarfe, matsin ya saki.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne wasan feda, watau ɗan saƙo-saƙon da ake ji kafin feda ta yi nauyi. Wannan wasa ba lalacewa ba ne, da gangan aka bar shi. Yayin da faifai yake cinyewa, yatsun nan sukan matso kusa da boris, wasan ya riƙa raguwa har ya ƙare. Daga nan kuloci ba ya kamawa sosai: inji yana ruri, hayaƙi yana tashi, amma garma ta ƙi gaba, ga ƙaurin ƙuna. Alal misali, taraktar da ta ɗauko tirelar taki ta doshi hawa a tsakanin duwatsun Roni, nan take asirinta zai tonu. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A taka birki, a sa babbar giya, a saki feda sannu a hankali. In inji ya mutu, kuloci lafiya lau; in ya ci gaba da juyawa, yana zamewa ke nan.

In wasan ya yi yawa kuma, giya ce za ta riƙa gurnani, ta ƙi shiga.

Gyaran duka biyun bai wuce aikin sifana ba. A kashe inji, a tokare tayoyi da dutse, a kwance notin sandar da ta haɗa feda da kuloci, a ƙara mata tsawo ko a rage, har wasan ya kai kimanin inci guda a yawancin taraktoci, ko da yake littafin kamfani shi ne alƙali. Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da yawa kulocinsu hawa biyu ne: rabin taku yana tsayar da tafiya, cikakken taku yana tsayar da sandar baya mai juya kayan aiki. Wajibi ne a gwada duka biyun bayan gyara.

Abin takaici, sau da yawa akan raba tarakta gida biyu, a tura yaro Kano sayen faifai, alhali noti ɗaya ne matsalar. Rabawa ba ta zama tilas sai in faifan ya cinye ƙwarai, ko baƙin mai ya yoyo ya jiƙa shi, ko boris yana kuka duk sanda aka taka feda. Shi ma kulocin da ya manne saboda tsatsa, bayan tarakta ta yi watanni a ajiye cikin laima, riga-kafinsa guntun itace ne da za a danne feda da shi ranar ajiya. Direban da ya mai da feda matashin ƙafarsa kuwa, ko sabon faifai aka sa masa, ba zai daɗe ba zai koma wurin makanike.